Ɗaki Na Goma

Uwaisu ɗan Gusau ne, yana shekara ta biyu a fannin lissafi a wata jami'a a Umdurman, ƙasar Sudan. A hira ba a kada shi. Yakan ce ba abin da alƙalami ba zai warware ba. Sai ga shi ya faɗi jarrabawa, aka ce in bai haye ta biyu ba, ya tattara ya koma gida.

Malamarsu, Ustaza Ikhlas, ta tausaya masa. Ta rubuta masa lambar ɗakin da za a yi bita kafin magariba. To, biyar ɗin Larabawa zagaye take kamar sifirinmu. Ta rubuta goma sha biyar, gwaninmu ya karanta goma.

Ɗaki na goma yana can tsohon gini, bayan itatuwan darbejiya. Rana ta yi ja. Ƙarar rakshoshi, kekunan hayar titi masu ƙafa uku, ta yi nisa, sannan ta ɗauke.

Ƙofar a buɗe take. Ƙamshin turaren wuta ya buge shi, haɗe da ƙarnin laka irin ta bakin kogi. Ba wuta a ginin, amma fanka tana juyawa. Ɗalibai cike, kowa da farar jallabiya, kowa ya ba shi baya. Ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya raɓa ya zauna a kujerar ƙarshe.

Ba Ustaza ba ce a gaban allo. Wani dogon mutum ne, rawaninsa yana gogar rufi.

“Ka'idar yau kun san ta,” in ji shi, cikin wata tsohuwar Hausa. “Abu in ya tabbata kan na ɗaya, kuma duk wanda ya tabbata a kansa ya miƙa wa na bayansa, to ya tabbata kan kowa.”

Uwaisu ya ji daɗi. Wannan ce ta kada shi.

“Na ɗaya,” in ji dogon.

Na gaba ya miƙe, ya taka zuwa allo. Bai tsaya ba. Ya nutse cikin baƙin allon kamar mai shiga rijiya.

“Na biyu.”

Shi ma haka.

Allon yana ɗan motsi, kamar ruwa. Uwaisu ya so tashi, ƙafafu suka ƙi. Bakin nan mai kada kowa ya nemi ko bisimilla, ya rasa farkonta.

“Na goma sha tara.”

Layi ya ƙare. Wani layin ya ƙare.

Na kusa da shi ya sunkuyo. Numfashinsa sanyi ƙalau.

“Ya zol,” ya raɗa, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, “ni ne kafin kai.”

Shi ma ya tashi. Ya tafi.

Fanka ta tsaya.

Dogon ya juyo. Inda fuska ya kamata ta kasance, farin alli ne kawai.

“Kai na nawa ne?”

Tsoro ya sa Uwaisu faɗin gaskiyar da bai taɓa faɗa ba.

“Malam, ni sifiri ne.”



“Daga ɗaya muka fara,” in ji dogon, a hankali. “Ba ka ciki. Fita.”

Ƙafafu suka saku. Yana kai bakin ƙofa, muryar ta biyo shi dab da kunne.

“Amma a wasu littattafan, daga sifiri ake farawa.”

Bai tsaya ba sai gaban Nagoggo, mai shayin bakin jami'a, jikar alhazan Katsina. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Ta karɓi takardar da ke hannunsa, ta duba.

“Khamastashar ce, ɗana, goma sha biyar. Ɗaki na goma tun ina budurwa yake a kulle. Sha, kada ka ba ni labari da magariba.”

Jarrabawar dai ya haye, wannan ka'ida kuwa ko a barci aka tashe shi zai kawo ta. Sai dai har yau, in aka ba shi sabon littafin lissafi, shafin farko yake fara dubawa. In marubucin ya fara ƙirga daga sifiri, Uwaisu yakan rufe shi a hankali, ya mayar wa mai shi, ya ce bugun bai yi kyau ba.