Dutsen da Aka Mayar Cikin Katanga

Da hantsi labari ya iske Sufeto Gado a Dogon Dutsi: an kashe Malam Sallau, mai tsaron Kufan Halwa, can wajen Sukukutane. Zamanin aikin dole ne, lokacin da Faransa ke shimfiɗa hanyar mota da wuyan talakawa.

Ya hau doki, ya isa bayan azahar.

Kufan ginin dutse ne bisa tudu, ba laka, ba rufi. Tsofaffi sun ce masu ibada ne suka gina shi tun ba a san Dogon Dutsi ba, suka zauna ba mata ba gona har suka ƙare. Gawar na gindin katanga, an rotse ƙeya, jini ya daskare a gemu.

'Yan sandan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, sun riga shi. Sun ɗaure wani baƙon makiyayi, Buba, a jikin aduwa, sun karya masa yatsu da gindin bindiga. Kumandan ya ce ranar kasuwa za a harbe shi.

Jibo, ɗan maigari, mai tara samari aikin hanya, shi ne shaida. Ya rantse ya ga Buba ya ɗaga sanda.

Sufeto ya duba raunin. Aikin dutse ne. Ya zaga kufan, bai ga dutse ko ɗaya a ƙasa ba. Ya tambayi Altine, matar mamacin.

"Yallaɓai, ɗan garin ga ba ya barin dutsen kufai ƙasa. Tun muna rarrafe ake dukanmu kan haka. Ka gani, ka ɗauka, ka maida. Shi ya sa katangar ta kawo yau."

Ta ce Jibo ya sha zuwa roƙon a bar shi ya kwashe katangar zuwa hanya, Malam na korar shi.

Sufeto ya bi katangar a hankali. Wuri ɗaya ƙudaje suka taru. Ya zaro dutsen. Cikinsa jini ne da furfura.

Ya juya ga Jibo, wanda tun ɗazu hannunsa ke ɓoye cikin riga. "Baƙo in ya yi kisa, jefar da dutse zai yi ya gudu. Fito da hannunka daga riga."

"Ciwo gare ni."

"Fito da shi."

Da wuƙa hannun ya fito. Ta tsaga wa Sufeto kunci. Sufeto ya maka masa dutsen a kafaɗa, ƙashi ya yi ƙara, Jibo ya zube. Farcen babban yatsansa a fashe yake, katanga ta datse shi garin mayar da dutse.

"Don mi?"

"Samarinmu na mutuwa wajen ɗauko dutse daga nesa. Ƙanena ya faɗi da kaya bisa kai, bai tashi ba. Ga dutse nan ƙofar gari, tsoho ya ce na matattu ne."

"Kai mai son rushewa, mi ya sa ka maida shi?"

Jibo ya dubi yatsansa. "Ban san na maida ba."

Aka kwance Buba, aka ɗaure Jibo da igiyar, aka ja shi bayan doki.

Sufeto ya ce wa Buba ya tafi, ba shi da laifi. Buba ya ɗaga hannunsa da ya kumbura.

"Da mi zan tatsi shanu, yallaɓai?"

Sufeto ya share jinin kuncinsa, ya hau doki.