Ƙadangare Mai Ƙaho

Sufeto ya sha ganin gawa iri-iri a aikinsa, amma bai taɓa ganin ɗakin da aka jera gawawwaki a kan kanta kamar kayan kanti ba. Macizai a nannaɗe cikin kwalabe, kwaɗi sun zuba masa ido ta cikin ruwan sifirit. 

"Yallaɓai, waɗannan duk matattu ne ko?" in ji Kofur, yana raɓewa a bayansa.

"Taɓa ɗaya ka gani."

Kofur bai taɓa ba.

Shugaban ɗakin binciken na gidan adana halittu, wani dattijo da kowa ke kira Farfesa, shi ya yi waya caji ofis da safe. An sace ƙadangare mai ƙaho, wanda ya kamo a daji tun yana saurayi. Shi kaɗai aka taɓa samu, kuma a kansa Farfesa ya yi suna. Yau aka shirya kai shi a yi masa hoton ƙashi.

Sufeto ya duba kwalbar da ake ajiye ƙadangaren a ciki. Tana mazauninta, cike da ruwa, an ɗaure murfin tam. A bakin famfo ga dogon hantsaki an wanke shi tas, an kwantar a kan tsumma ya bushe.

Abin ya ɗaure masa kai. Wane irin ɓarawo ne zai bar kwalba, ya tsamo ƙadangare a hankali, ya kuma tsaya wanke-wanke?

"Ranka ya daɗe, makullin ɗakin nan nawa ne?"

"Biyu. Nawa ya ɓace tuntuni. Ɗayan yana hannun Dakta."

"Wace ce Dakta?"

Farfesa ya gyara tabarau. "'Yata ce. Ita ke auna ƙasusuwa a nan."

Dakta tana ƙarshen ɗakin, gaban madubin ƙara girma, ga ƙananan ƙasusuwa a jere a faranti. Idanunta sun yi ja.

"Wa ya nemi a yi hoton nan?"

"Ni ce. Na auna ƙahon ta kowace fuska, amma ban gane yadda ya tsiro daga ƙoƙon kai ba. Hoto ne kaɗai zai nuna ciki."

"Jiya wa ya rufe ɗakin?"

Ta saci kallon mahaifinta, sannan ta sunkuyar da kai. "Ni. Ina jin ban kulle ba. Laifina ne."

Sufeto ya san ƙarya in ya ji ta, kuma wannan ko gishiri babu. Mai gadi ya riga ya rantse masa cewa da safe ƙofar a kulle take, Dakta ce ta buɗe a gabansa.

"Kin san in na rubuta haka, da ke zan tafi? Aikinki ma ya tafi ke nan."

"Na sani."

Sufeto ya juya. "Ranka ya daɗe, ka ji abin da ta ce."

"Doka ai doka ce, Sufeto," in ji Farfesa, ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

Sufeto ya dubi Dakta. Shi ma yana da 'ya. Ya ce wa Kofur ya sa mata ankwa, yana kallon fuskar tsohon. Ƙarfen ya ce ƙaras. Farfesa ya ci gaba da goge tabarau da gefen riga.

Sufeto ya bi layin kantocin a hankali, yana shafa murafen kwalabe. Ƙura, ƙura, ƙura. Ruwan yawancinsu ya ja baya, ya yi kalar shayi. Can ƙasa ya tarar da wata ƙatuwar kwalba cunkushe da ƙadangarun gida, irin masu gyaɗa kai a jikin katanga. Murfinta fes, ruwanta sabo har wuya.

"Wannan fa?"

"Tarkacen koyar da ɗalibai ne," in ji Farfesa da sauri. "Ba su da amfani."

"Madalla. Kofur, shaida ce. Kwalbar ta yi nauyi, tuttular da ruwan a famfo, ka juye su a leda. In mun je ofis ka shanya su a bayan mota su bushe, kada su cika mana wuri da wari."

Kofur ya yamutsa fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci, ya kwance murfin, ya karkata kwalbar.

"Kai! Tsaya!" Farfesa ya yi tsalle irin wanda ba a zaci tsoho zai iya ba, ya rungume kwalbar. "Kada ku bar shi ya bushe! Fatar za ta tsage!"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Wa zai bushe, ranka ya daɗe? Ba tarkace ba ne?"

Sufeto ya miƙa masa hantsakin. Tsohon ya karɓa, ya zura shi cikin kwalbar a natse. Ya ture na sama, ya zaro ɗaya daga tsakiya. Ga ƙaho baƙi a goshinsa.

"Innalillahi!" in ji Kofur. "Mutum ya saci kayansa?"

Farfesa ya kwantar da shi a faranti, ya zuba masa sifirit har ya rufe shi, sannan ya zauna.

"Makullina yana aljihuna," ya ce. "Ƙahon ba nasa ba ne. Farcen shaho ne, na dasa da siririyar waya. Ina saurayi na dawo daga daji hannu wofi, ina jin kunya, na yi abin da na yi. Hoto zai nuna wayar. Jiya da dare na ɗauko shi da niyyar in ƙona, wallahi na kasa."

Dakta ta miƙe, ankwar tana ƙara. 

"Baba, farce? Ƙuruciyata duka na ƙarar ina auna farcen shaho?"

"Ki yi haƙuri, uwata."

"Jiya da ka dawo gida na ji warin sifirit a hannun rigarka. Da na ga kwalbar yau babu shi a ciki, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka, na ce bari in rufa maka asiri." Hawaye ya zubo mata. "Aka sa mini ƙarfe kana goge tabarau, Baba. Sai da za a zubar wa ƙadangare ruwa ka yi ihu."

Farfesa ya juya yana duban farantin.

Sufeto da kansa ya kwance ankwar daga hannunta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ƙi duban tsohon lokacin da Kofur ke sa masa ita.

A bakin ƙofa Farfesa ya waiwayo. Dakta ta ɗago kai, tana jira.

"A mayar da shi kwalbarsa," ya ce. "A ɗaure murfin sosai."

Sufeto ya ga yadda fuskarta ta mutu. Ya kama hannun tsohon, ya fitar da shi.