Mai Kwance Kebul a Saman Tanki

La'asar ta yi sakaliya lokacin da Zailani ya rufe shagonsa na gyaran waya a bakin titin Sheme. Ya rataya jakar kayan aiki, maimakon ya nufi gida sai ya ratsa ta bayan masallaci ya yi yamma da gari. Ba wani babban aiki zai yi ba. Kebul kawai zai duba.

Wansa Mas'ud da ke aiki a Legas ne ya aiko masa da wata 'yar na'ura mai kama siginar jiragen sama. Ashe kowane jirgi yana tafe yana sanar da kansa: sunansa, nisansa daga ƙasa, da inda ya dosa. In ka kafa eriya a wuri mai tsayi, ka ja kebul zuwa na'urar, sai ka ga jiragen suna rarrafe a taswirar wayarka kamar tururuwa. A shekarun nan da mutum ba ya iya zuwa ko Daudawa sai da addu'a a baki, kallon masu wucewa ta sama ya zame wa Zailani abin ɗebe kewa.

Amma gari ba lafiya. Eriyar ba ta daɗe a kan rufin gidansa ba aka fara raɗe-raɗi. Wai da ita yake yi wa mutanen daji rahoto. Wai infoma ne. Kuma kowa ya san yadda ake ƙarewa da wanda aka liƙa wa wannan suna. Mai unguwa Malam Barau ya kira shi zaure.

"Baba, wallahi ba ta aika komai," in ji Zailani. "Kunne ce, ba baki ba."

"Ni na yarda da kai," in ji dattijon. "Amma ba ni kaɗai ke garin ga ba. Ka sauke ta."

Ya sauke, amma ransa ya ƙi haƙura. A ƙarshen gari akwai wani tsohon tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, wanda rijiyarsa ta ƙafe tun tuni. Makullin ɗakin injin yana hannun Zailani, don shi ke gyara solar wurin a da. Can ya ɓoye na'urar da batir, ya ɗaure eriyar a jikin murfin tankin. Matarsa Mansura kaɗai ta sani.

Da safen nan ma sai da ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Hafiza, kai da bakinka ka ce ka sha tarar da eriyar an kwance mata kebul. To wa ke kwancewa? Wani ya gani. In masu gadi suka kama ka a can, mi za ka ce masu?"

"Yau zan ɗaure ta yadda ba mai iya taɓawa."

"Ni da cirowa za ka yi, da na fi samun barci."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

An yi ruwa da rana, hanya duk taɓo. Dawa ta yi tsayi ta rufe gefe da gefe, ganyenta na ɗiga. Kwaɗi sun fara kuka. Ya waiga, bai ga kowa ba, ya buɗe ɗakin injin ya shige.

Ya fara daga ƙasa, yadda ya saba. Batir da wuta. 'Yar fitilar na'urar tana ci. Ya buɗe taswira a waya: wayam, ko jirgi ɗaya babu. Ya zare kebul ɗin, ya soka wani guntun ƙarfe na gwaji a bakin na'urar, ya ɗaga ta wajen taga. Can sai ga jirgi ɗaya ya ɓullo ta kudu. To na'ura lafiya lau take. Ya mayar da kebul, ya bi shi da yatsa taƙi-taƙi, ko ɓera ya ci, ko ya lanƙwashe, ko ruwa ya shige shi. Babu ko ƙwarzane. Matsalar dai tana sama.

Ya dubi rana. Ta zama ja, tana gab da faɗawa cikin dawa. Dokar gari ita ce, daga magariba ba wanda zai saura a bayan gari. Ya ce a ransa aikin ɗan lokaci ne.

Tsanin ya yi tsatsa, ruwan sama ya jiƙa shi. Yana hawa yana duba matakan, ko zai ga taɓon ƙafar wani. Babu. Tasa ce kaɗai ke barin shaida.

Da ya kai sama ya tarar da abin da yake tsoro. Mahaɗin kebul da eriya a kwance. Ba fizga aka yi ba, murɗewa aka yi a hankali. Salatif ɗin da ya naɗe wurin da shi an warware shi bai tsinke ba, an nannaɗe shi tsaf, an ajiye a gefen murfi kamar yadda mace ke ajiye zaren kitso.

Haushi ya kama shi.

Ya hure ruwan da ya taru a bakin mahaɗin, ya kankare tsatsar da ta fara kama ɗan tsinken tsakiya, ya mayar ya murɗa. Ya sa filaya ya ƙara matsewa har sai da hannunsa ya yi zafi. Ya tsiyaya gam mai kama ƙarfe, ya bi da sabon salatif.

Daga cikin gari aka fara kiran sallar magariba.

Ya ciro waya. Jiragen sun dawo. Ga wani can yana gangarawa kudu, ga wani ya dosa Sakkwato. Ya saki ajiyar zuciya, ya miƙa hannu zai tattara kaya.

Sai idonsa ya kai tsakiyar taswirar.

Akwai wata alama a nan. Ba suna, ba lamba. Ba ta tafiya gabas, ba ta tafiya yamma. Tana zaune daidai kan ɗigon da ke nuna inda yake. Abu ɗaya ne ke motsi a jikinta: nisanta daga ƙasa. Yana raguwa.

Ya ɗaga kai. Sama garau, taurari sun fara fitowa. Ba fitila, ba ƙugin inji.

Ƙwanƙwas. Ƙwanƙwas.

A ƙarƙashin gwiwarsa aka buga. Daga cikin tankin.

Tankin da rabonsa da ruwa an yi shekaru. Tankin da murfinsa ke ɗaure da kwaɗo mai tsatsa.

Wani wari ya taso ta gefen murfin, warin tsohuwar rijiya da jiƙaƙƙen zane.

"Bawan Allah."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada ta tashi jariri.

Zailani ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Harshensa ya manne.

"Sau nawa zan kwance maka? Ba ka gane magana sai an faɗa?"

"Wa... wace ce?"

"Kwance ƙarfen nan."

Abin da ya saba faɗa wa mutane shi ya zo bakinsa. "Ba ya kiran kowa. Saurare kawai yake."

"Wanda ake saurare ai ya san ana saurarensa." Muryar ta karye. "Ya biyo ƙarfen nan. Da yara a nan. Don Allah ka kwance."

A nan ne tsoron gaske ya kama shi. Ba barazana take yi masa ba. Roƙo take. Ita ma tsoro take ji.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

Ya so ya ƙwalla ihu. Ya tuna masu gadi da bindigoginsu, da yadda za su same shi a saman tanki da eriya a hannu bayan magariba. Ya haɗiye ihun.

Ya cafki mahaɗin ya murɗa. Ko gezau. Gam ya riga ya kama.

Ya laluba filaya. Garin sauri ya ture ta. Ta gangara, ta bugi tsani, ta ɓace a duhu.

Eriyar ta fara wani irin kuka siriri, kamar na sauro a cikin kunne.

A cikin tankin wani abu ƙarami ya fara shessheƙa. Aka toshe masa baki.

Ya sake kallon sama. Taurarin da ke bisa kansa babu su. Na gefe suna nan. Wani baƙi ne ya rufe tsakiya, mai faɗi, kuma yana ƙara faɗi.

Dawar da ke kewaye ta fara kwanciya. Ba iska. Kamar ana danna ta da tafin hannu.

Kunnuwansa suka toshe. Warin ƙarfe mai zafi ya cika masa hanci.

"Yi sauri," in ji muryar. "Kada ka ƙara kallo."

Ya zaro 'yar wuƙar fere waya daga aljihu. Ya dafe kebul a kan murfi ya hau yanka. Roba ta rabu. Zaren ƙarfen ciki ya soke masa yatsu. Jan ƙarfen tsakiya ya ƙi.

Nauyi ya sauko masa a kafaɗa. Tankin ya yi ƙara, ƙafafunsa na ƙarfe suna kuka.

Sai duhu ya rufe shi ruf, mai sanyi, mai danshi. Nauyin ya ɗan sassauta.

A cikin duhun ya lanƙwasa ƙarfen. Ya mayar. Ya lanƙwasa.

"Innalillahi," ya samu ya ce. "Innalillahi."

Ƙas.

Kukan eriyar ya ɗauke.

Wani huci ya ratsa ta kansa, dogo, kamar na babbar dabbar da ta ɓatar da sawu. Sannan ya yi sama.

Bai san yadda ya kama tsani ba. Ya dai san ƙafarsa ta zame kafin ya kai ƙasa, ya ji ƙashin idon sawunsa ya amsa. Yana kwance a taɓo kwaɗi suka ci gaba da kukansu kamar ba a yi komai ba.

Hasken tocila ya dallare masa fuska. Gide ne, shugaban masu gadin gari, wanda ya fi kowa zafi a kan maganar infoma. Bindigarsa na rataye, bakinta na kallon ƙasa. Zailani ya jira duka. Sai Gide ya tsuguna, ya saɓa shi a baya, ya nufi gari da sauri, bai waiga ba ko sau ɗaya.

Washegari aka taru a zauren Malam Barau. Zailani ya faɗi komai, ya ba da makullin ɗakin injin. Waɗanda aka aika suka dawo da na'urar, suka ce murfin tankin ya lotsa ciki, dawar wurin kuma ta kwanta a zagaye. Ba wanda ya yarda ya hau ya ciro eriyar. Wasu matasa suka fara cewa labarin aljanu dabara ce ta rufe asiri. Gide ya miƙe.

"Wanga mutum ba infoma ba ne," ya ce. "Duk mai ja, ya zo ya same ni."

Maganar ta mutu a nan.

Ƙafar ta ɗauki lokaci kafin ta haɗe, kunnensa na dama kuwa bai ƙara ji da shi ba. Mansura ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Ta dai lura cewa in jirgi ya wuce, mijinta sunkuyar da kai yake har sai ƙarar ta ɓace.

Ana cikin girbi Gide ya zo duba shi. Suka zauna a ƙofar gida, aka gaisa, aka taɓa maganar dawa da tsadar taki. Gide ya hau wasa da bakin tabarma.

"Ka san ran nan na ɗaga bindiga," ya ce. "Na hango mutum a saman tanki, na saita. Saura in danna."

"Mi ya hana ka?"

"Ba kai kaɗai ba ne."

Zailani ya juyo da kunnensa mai ji.

"Wata mata ce tsaye a kanka. Doguwa, siririya. Ta ware zanenta ta lulluɓe ka, ta duƙa ta ba sama baya, kamar kaza da 'ya'yanta in shirwa ta kawo sura. Ina ganin bayanta na lanƙwashewa." Ya saki bakin tabarmar. "Abin da ke bisanta kuwa, kada ka tambaye ni."

"Da na yanke fa? Ina ta yi?"

"Ta faɗi a kan murfin. Ban ga ta tashi ba."

Zailani ya kira Mansura, ya ce ta auno hatsi a kai gidan Malam Barau a yi sadaka.

"Da sunan wa za a ce?" ta tambaya.



"Ki ce wata maƙwabciya," ya ce. "Mai yara."