Gemun Mai Sabulu

A wani gari da ban taɓa zuwa ba, an yi wata mai sabulu da ta so a buga hotonta a takardar naɗe sabulunta. Ta je wurin mai zane, farantin tagulla na buga hoto ɗaya ya rage masa.

Ya shafe farantin da kakin zuma, ya zana fuskarta da allura, ya ce, "Hajiya, duk inda aka karce kakin, ruwan nan mai cin ƙarfe zai ci wurin, ya fito baƙi a takarda. Kada ki taɓa."

Ta sa farce. "Hancin ya yi faɗi."

Ya toshe da kaki. "Hajiya, kada ki taɓa!"

Ta sa farce. "Kunnen fa?"

Ya sake toshewa. "Don Allah, Hajiya, kada ki taɓa!"

Da ya juya ɗauko ruwan, sai ta kankare haɓar zanen sau bakwai, wai tana rage ƙiba. Ya tsoma farantin, ya wanke, ya shafa tawada, ya danna a takarda.

Ta ce, "Malam, wane tsoho ne wannan?"

Ya ce, "Fuskar dai aikina ce, Hajiya. Gemun naki ne."

Har yau a kasuwar garin, sabulun Baba ake tambayarta.