Saman da Ba a Jifa

Ana gab da kiran magariba Mama ta ga ruwan da ke cikin baho yana juyawa shi kaɗai. Babu iska, babu wanda ya taɓa shi. Ya kewaya a hankali, sannan ya karkata gefe guda, wajen ɗakin 'yarta.

'Yar tata ce ake ce wa Dakta, tun ba ta gama digirin ba. Shekara uku ke nan tana fama da wata manhaja mai kwaikwayon sararin samaniya, wadda ke lissafin yadda ƙura da gas ke kwarara, suna jan juna, har su dunƙule su zama tauraro. Kwamfutar na kusurwar ɗakinta, kullum cikin huci. Baba yakan tsokane ta, wai mutane na dafa abinci, ita tana dafa taurari.

Daga ranar gidan ya rikice. Rana na faɗuwa sai tsakuwa ta zubo kan kwanon rufi, ta gangaro ƙofar Dakta. Ita kuwa ta daina ci, ta daina magana, ta ƙura wa allon kwamfuta ido ko ƙiftawa babu. Kwana shida cur! Leɓɓanta suka tsattsage. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Mama ta yi kuka har muryarta ta dishe. Baba, da bai san komai ba sai asibiti, da ƙafarsa ya je ya ɗauko malam mai ruƙiyya.

Malam ya zauna bayan la'asar yana karatu. Inuwa ta cika ɗakin kafin Dakta ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho ce tukuf.

"Daina ƙona ni, malam."

"Me ta yi maka?"

"Ba komai. Tun da aka hana mu sama, duk wanda ya matsa sai a jefe shi da wuta. Na tsufa ban ƙara ganinsa kusa ba. Sai ga sama a ɗakin nan, babu mai jifa. Da idonta nake kallo."

Malam ya ce, "Wannan ba sama ba ne, lissafi ne."

"Ya ishe ni."

Mama ta zube ƙasa. "Don girman Allah ka sakar min 'yata! Mutuwa za ta yi!"

Muryar ta ce, "Zan sake ta in koma cikin akwatin can mai taurari. Amma ranar da taurarin suka tsaya zan dawo, kuma ba fita."

Malam ya ce shi ba ya ciniki da aljani, ya ɗaga murya da karatu. Jini ya ɓalle daga hancin yarinyar. Nan Baba ya kasa daurewa, ya riƙe hannun malam.

"Mun yarda! Zan sayo janareta, zan sayo batir. Kwamfutar ba za ta taɓa mutuwa ba!"

Dakta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin mahaifiyarta. Ta sha ruwa kofi biyu, Mama tana shafa kanta tana hamdala. Baba ya gaya mata alkawarin da ya ɗauka, har da 'yar dariyarsa ta wanda ya tsira.

Ba ta yi dariya ba. Ta rarrafa gaban allon, ta daɗe tana duban wasu lambobi a ƙasansa.

"Baba, ba wuta ce matsalar ba. Lissafin yana da ƙarshe, ni na sa masa. In ya kai, komai tsayawa yake yi."

Baba ya ce, "Yaushe?"

"Saura kwana tara."