Kwamfutoci Masu Yawo

Da hantsi aka kawo rahoto cewa an kwashe kwamfutocin ɗakin karatun da ke bayan tashar mota. Sufeto ya tafi shi kaɗai. Tun da abokin aikinsa ya yi ritaya ba a ba shi wani ba, shi ma bai nema ba.

Ya tarar da mai kula da ɗakin, wata dattijuwa da ake kira Malama, zaune tsakanin tebura wayam. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau.

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai, yallaɓai." Ta faɗa tana kallon ƙasa.

Kayan gwamnati ne, kuma a hannunta aka damƙa su. In suka ɓata aikinta ya tafi, wataƙila har da gidan yari. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ɗakin nan shi ne danginta.

Sufeto ya durƙusa ya taɓa soket ɗin bango, sai ya taho masa a hannu. Babu waya ko ɗaya a bayansa.

"Tun yaushe ake aiki da kwamfutocin?"

"Tun bara."

"Da wace wuta?"

Malama ta kau da kai.

Daga nan ya wuce ma'aikatar da ta ba da aikin sa kwamfutocin. Sakataren kwamitin kwangila, mutum mai son jin muryar kansa, ya yi masa bayani har da ƙari. Gwamnati za ta ba da babbar kwangilar sa kwamfutoci a ofisoshinta, kuma ba za a bai wa kowa ba sai an duba ayyukan da ya yi a baya. Wani da ake kira Injiniya ne ke kan gaba, shi ya yi aikin ɗakin karatun.

"Shekaranjiya muka je da ƙafarmu, komai a kunne."

"Ba ku ji ƙara ba?"

"Akwai wani janareta a cikin mota a waje. Mun ɗauka na maƙwabta ne."

"Injiniya ya san za ku je?"

"Ai ka'ida ce, muna sanar da ɗan kwangila tun da wuri don ya shirya. Yau da yamma ma za mu duba aikinsa na asibitin gefen gari."

Sufeto ya koma wurin Malama. Bai daka mata tsawa ba, kujera ya ja ya zauna kusa da ita.

"Malama, ƙarya kika yi min."

Idonta ya cika. "Injiniya ma yana da makulli. Ana gobe kwamiti zai zo yake kawo su, da sun juya baya ya kwashe, wai gyara. Wannan karon ya rantse zai bar min su. Har na gaya wa mutane su zo."

"Me ya sa kika ce wa kwamiti suna aiki?"

"Ranar ce kaɗai ɗakin nan ke cika, yallaɓai. Sauran ranaku ni ce da littattafai."

Maganar ta soke shi, don shi ma ya san gidan da ake yin sallama babu mai amsawa.

"In kin gan su za ki gane su?"

"Ɗaya madanninta ya ɓalle. Na liƙa mata maɓallin rigata, shuɗi."

A asibitin ya samu Injiniya cikin kwat, yana ba da umarni, ma'aikata na goge tebura. Mota ɗauke da janareta tana ƙugi a bayan taga.

"Tun yaushe kayan nan suke nan?"

"Shekara biyu ke nan, ranka ya daɗe. Ko tari ba su taɓa yi ba."

Sufeto ya bi layin kwamfutocin a hankali, ya tsaya a kan ta ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan maɓalli shuɗi.

"Wannan ma daga kamfani ya zo?"

Injiniya ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Daidai lokacin 'yan kwamiti suka shigo, sakatare a gaba.

"Gaya musu da bakinka," in ji Sufeto, "ko mu je tare a buɗe bangon ɗakin karatu."

"Kwamfutocin nan su ke nan gare ni," in ji Injiniya a hankali. "Makaranta, ɗakin karatu, asibiti, duk su ne. Tunda ana gaya min ranar zuwa, ni kuma nake riga su isa."

Aka sa wa Injiniya ankwa, aka fita da shi ta gaban marasa lafiya.

Sufeto da kansa ya kai wa Malama labari. Babu tuhumar sata a kanta, sai dai za ta ba da shaida.

"To kwamfutocin fa? Yaushe za a dawo min da su?"

"Suna ɗakin ajiyarmu, kayan shaida ne. Sai an gama shari'a."

Ta san abin da wannan ke nufi: shari'a ba ta ƙarewa da wuri. Ta dubi kujerun da ta jera tun safe saboda mutanen da ta gayyata.

"Da na yi shiru," ta ce, "da ko ba komai watan gobe zai kawo su kwana ɗaya."

Sufeto ya cire hularsa, ya taya ta mayar da kujerun jikin bango.