Makullai a Aljihun Oga

"Kowa shi kwanta! Ƙasa nic ce!"

Rana tsaka, kan hanyar Kebbe zuwa Tambuwal, Sirajo da Atu sun tare motar 'yan kasuwa. Sirajo na riƙe da bindiga, Atu na zazzage aljihuna. Shugabansu kuwa, Oga Mutawakkil, jarumin maza, yana can nesa a gindin tsamiya yana artabu da kwanon fura. Shi aikinsa tunani ne. In an dace, dabararsa ce. In an yi asara, sakarcin yara ne.

Wata 'yar kasuwa, Kulu, tana kwance rubda ciki, ta lalubo waya a ƙasan zane ta kira ɗanta, sajan ɗin 'yan sanda a Tambuwal.

"Ku hau!" in ji sajan ga yaransa. "Direba, taka ta!"

Jiniya! Atu ya kira Oga a waya, ya buɗe muryar wayar don Sirajo ya ji.

"Oga, 'yan sanda! Kawo makullai!"

Tun safe Oga ya karɓe makullan mashinansu, wai don kada wani ya tashi aiki kafin lokaci.

"Wa ab ba ku izinin tashi? Kun sauke kayan saman mota?"

"Oga, kashe mu za a yi!"

"Matsalarku ke nan, son jiki. Sirajo, ba kai nic ce zan yi ma mataimakina ba? To, nuna mani ka cancanta."

Atu ya saki baki. Shi ma jiya an yi masa wannan alkawarin, har da dafa kafaɗa. Suna kallon juna suka ji tashin mashin daga wajen tsamiya, yana yin gabas.

Tau! Tau! Sirajo ya haye mashin ɗinsa yana taka shi kamar mahaukaci. Ina! A nan harsashi ya same shi. Atu ya faɗi, gwiwa a farfashe, ya zayyano gidan Oga tun kafin a tambaye shi.

Washegari aka kama Oga a Jabo, rabin kansa a aske, wanzami na riƙe da aska.

Sirajo ya mutu ya bar matarsa da tsohon ciki. An yanke ƙafar Atu. Ni dai wannan ya ƙona mini rai, amma ashe akwai wanda ya fi su shan wahala. Oga ya dubi sajan, ankwa a hannu, ya girgiza kai.

"Ranka shi daɗe, kai ma kana da yara ƙarƙashinka, ka sani. Ma'aikatan yanzu ba su da riƙon amana."